Onelia Bicet Lescay, Mai Zanen Kan Sarki da Ta Ƙi Miƙar da Mai Saran Rake

Haihuwa da asali

An haifi Onelia Bicet Lescay ranar 9 ga watan Fabrairu na shekarar 1933, a wani ƙauyen ma'aikatan rake da ke wajen garin Palma Soriano a gabashin Kuba. Sunan mahaifinta Anacleto Bicet, mai saran rake ɗan mai saran rake, mahaifiyarta kuwa Crescencia Lescay, wadda take yin wanki da guga a gidajen manyan masana'antar sukari. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, uku daga cikinsu ba su kai shekara biyar a duniya ba.

Karatu

A shekarar 1940 aka sa ta makarantar ƙauyen, mai ɗaki ɗaya da malama ɗaya, Doña Amparo Griñán. Wannan malama ce ta lura cewa yarinyar ta cika bayan allon aji da fuskokin mutanen ƙauye da gawayi, kuma kowa ya duba yana gane mai fuskar. Maimakon ta hukunta ta, sai ta yi ta zarya gidansu har Anacleto ya amince, aka tura Onelia birnin Santiago a shekarar 1949, ta zauna wurin gwaggonta tana koyon zane. Ta kammala a 1953, a shekara mai zuwa ta tafi Habana, babban birnin ƙasar, inda ta yi shekara shida tana zana takardun da ake liƙawa a akwatin taba sigari, kyawawan mata da mahuci da jiragen ruwa, ba tare da sunanta ya taɓa fita a jikin ko ɗaya ba.

Aure da 'ya'ya

Ta auri Rigoberto Almenares, makanikin jirgin ƙasa, a watan Disamba na 1956, suka zauna a unguwar Guanabacoa da ke gefen Habana. An haifa musu Ulises a 1957, Maritza a 1960, sai Idalmis a 1965.

Aiki a sashen zanen kan sarki

Juyin juya halin 1959 ya same ta cikin masu murna, kuma wajibi ne a faɗi haka a fili, domin daga baya an yi ta yi mata ƙazafin cewa ba ta taɓa son gurguzu ba. Ƙarya ne. A 1961 ta bar 'ya'yanta biyu wurin surukarta ta shiga ƙauyukan cikin duwatsu wata bakwai tana koya wa manoma karatu, da ta dawo aka ba ta lambar yabo, aka kuma ɗauke ta aiki a sashen hukuma da ke zana kan sarki.

A wancan zamani kan sarki ba abin liƙa wa wasiƙa ba ne kawai. Hukuma ta ɗauke shi jakada, tunda yana shiga ƙasashen da suka rufe wa Kuba ƙofa, ya sauka a tafin hannun wanda ba zai taɓa sauraron rediyonmu ba. Saboda haka kowane zane sai ya bi ta gaban kwamitin tantancewa. Kashi biyu ake bugawa: na tsuntsaye da furanni da kifaye, waɗanda ake sayar wa masu tara kan sarki a ƙasashen waje, da kuma na siyasa, masu ɗauke da rabon gonaki, da fitilar yaƙi da jahilci, da asibitocin karkara, da zumunci da ƙasashen da ke yaƙar mulkin mallaka. Onelia ta zana arba'in da ɗaya cikin shekara tara, galibi na siyasa, domin ita da kanta take neman su.

Sashen yana da wata al'ada da babu mai tsallake ta. Idan an gama gyara aka buga gwajin ƙarshe, sai a kawo wa mai zane ya sa hannu a bayan takardar, shaidar cewa aikinsa ne kuma ya yarda da shi. Da wannan sa hannu ake buga sunansa da ƙananan haruffa a ƙasan kan sarkin. Idan babu shi, ba a buga suna, kuma a kundin ma'aikata layin mai zane ya zauna fanko.

Shekarar babban girbi

A ƙarshen 1969, lokacin da ƙasa duka ta duƙufa neman tan miliyan goma na sukari, aka ba ta zanen kan sarkin sentabo uku, wato mai kuɗi kaɗan wanda talakawa suka fi liƙawa, don girmama masu saran rake. Mahaifinta ya rasu shekara guda kafin nan, bayan shekara arba'in da huɗu a gona. Shi ta zana, da fuskarsa da hular kabarsa, a duƙe, hannun hagu ya rungumo karan rake, adda tana shafar ƙasa.

Ranar 14 ga Janairu na 1970 kwamiti ya zauna ƙarƙashin shugabansa, Leovigildo Sotolongo, kuma waɗanda suka halarta ba su saɓa ba a kan abin da aka faɗa.

Sotolongo ya ce, "Kwamared Onelia, zane ya yi, ba mai musu. Amma mutumin nan naki kamar wanda ya yar da wani abu yana nema. Ma'aikacin gurguzu ba ya duƙawa. Ki miƙar da shi, ya ɗaga addar sama, ya dubi gaba."

Ta ce, "Kwamared, ka taɓa saran rake?"

Ya ce, "Sau uku na je aikin sa-kai."

Ta ce, "Na gan ka a jarida, da farar rigarka tas. Zaƙin rake a gindi yake, kowane yaro a gabas ya san haka. Wanda ya tsaya ƙyam ya ɗaga adda sama ba rake yake sara ba, jira yake a ɗauke shi hoto. In kuna son tan miliyan goma, ku bar mutumin nan ya yi aikinsa."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Nan aka tashi daga zaman. Aka miƙa zanen ga wani ma'aikaci, ya bar fuskar Anacleto yadda take, ya ɗora ta a kan jikin ƙaton saurayi mai faɗin ƙirji, a tsaye, adda tana nuna sararin sama. Sau uku ana kawo wa Onelia gwajin ƙarshe ta sa hannu, sau uku tana mayar da shi bayansa fari. A watan Afrilu aka buga kan sarkin ba suna. Tan miliyan goma dai ba ta cika ba a shekarar, amma wannan ba laifin masu duƙawa ba ne.

Gidan waya na Guanabacoa

Ba a ɗaure ta ba, ba a kuma kore ta ba. Abin da aka yi shi ne rubuta takarda shafi guda aka sa a fayil ɗinta, cewa tana da rauni a aƙida da taurin kai ga shugabanci, sannan a watan Yuni na 1970 aka sauya mata wurin aiki zuwa ɗakin ware wasiƙu na gidan wayan unguwarsu. Mai wannan rubutu ya yi shekara goma sha ɗaya a teburi ɗaya da ita, kuma ya shaida cewa ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa fashin taron ƙungiyar ma'aikata ba, ko da yake shugabannin taron sun fi so ta yi fashin. Aikinta shi ne buga hatimi a kan kan sarki, kuma shekara biyu cur mutumin nan mai tsayuwa yana biyowa ta hannunta sau ɗaruruwa a rana. Sauran ma'aikata a gefe suke buga hatimi. Ita a kan ƙirji da addar take bugawa, ta bar fuskar a fili.

Al'amarin Ulises

A 1975 babban ɗanta Ulises ya gama sakandare da sakamakon da ya fi na kowa a ajinsu, ya nemi karatun likita. Aka hana shi, aka ba shi gurbin koyon gyaran famfo. Babu wanda ya rubuta dalili, amma Sotolongo, wanda a lokacin ya ƙara girma, ya aiko a faɗa mata cewa gwajin nan yana nan a aljihun teburinsa, kuma ranar da aka sa masa hannu za a cire takardar daga fayil.

Maritza, wadda take ɗakin, ta ruwaito cewa Ulises ya tsaya a bakin madafi uwarsa tana tsince shinkafa, ya ce, "Mama, layi ɗaya ne fa. Sunanki kawai. Kaka ya mutu, bai san ana yi ba. Ni ina raye."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Da hannun nan za su ce a yanke ka zama likita, wallahi da na miƙa. Amma ba zan sa sunana in ce ubana ya yi shekara arba'in da huɗu a tsaye ba."

Ya ce, "To ki riƙe ubanki."

Rigoberto ya yi wata biyu ba ya mata magana. A wurin aiki ra'ayi ya rabu, kuma mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka ce mata ta yi kuskure, ta ce masa ya ji da buhun wasiƙun da ke gabansa. Ba ta ɓoye cewa abin ya ci mata rai ba. An sha ganin ta tana buga hatimi hawaye na zuba. Ba ta sa hannu ba.

A watan Mayu na 1980 Ulises ya bi jiragen ruwan da suka tashi daga tashar Mariel zuwa Amurka, bai yi mata sallama ba. Washegari 'yan unguwa suka taru a ƙofar gidan da ƙwai a hannu, kamar yadda ake yi wa gidan duk wanda ya tafi. Onelia ta fito da lambar yabonta ta 1961 a ƙirji, ta tsaya a kan dakali ta ce, "Ku jefa. Amma ke Caridad, gobe kada ki aiko aron gishiri." Ƙwai biyu aka jefa, taron ya watse.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 1988, Rigoberto ya rasu a 1994, a tsakiyar shekarun yunwa da suka biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Ulises ya aiko da wasiƙa ga ƙannensa, ita kuwa ko layi. Duk watan Janairu tana rubuta masa, ba amsa.

A 2010 aka fara haɗa babban kundin tarihin kan sarkin juyin juya hali. Masu aikin suka tarar da layi ɗaya fanko cikin dubbai, suka bincika, suka aiko mata wata jami'a mai ladabi, Yusimí Tamayo, da tsohon gwajin a cikin ambulan. Jami'ar ta bayyana mata cewa Sotolongo ya daɗe da mutuwa, zamani ya sauya, ana so a karrama ta a bainar jama'a a mayar mata da sunanta.

Onelia ta sa tabarau ta duba takardar, ta ce, "'Yata, zamani ya sauya, amma mutumin nan har yanzu bai duƙa ba. Ku buga nawa na asali, in sa hannu da hannu biyu."

Jami'ar ta ce ba a sami na asalin ba, an neme shi an rasa. Onelia ta dafa mata gahawa, ta raka ta har bakin titi da ambulan ɗinta.

Rasuwa da jana'iza

Ta rasu ranar 3 ga watan Maris na 2012 a gidanta na Guanabacoa, bayan jinyar wata huɗu, tana da shekara saba'in da tara. Bisa wasiyyarta aka kai gawar Palma Soriano aka binne ta kusa da mahaifinta. Ulises bai sami jana'izar ba. Takardun shigowa sun tsayar da shi, sai kwana tara bayan binnewa ya iso, karo na farko cikin shekara talatin da biyu.

A ranar da ya iso Yusimí Tamayo ta zo ta'aziyya, kuma da yake kundin yana gab da shiga maɗaba'a, ta sanar da iyalan cewa ƙa'ida ta yarda babban magaji ya sa hannu a madadin mamaci, ta ajiye gwajin da alƙalami a gabansu. Maritza da Idalmis suka dubi yayansu, domin duk gidan babu wanda ya kai shi haƙƙin ya rufe maganar nan yadda ya ga dama. Ya karɓi alƙalamin, ya juya takardar ya daɗe yana kallon fuskar kakansa.

Ya ce, "Kin san abin da ke cikin layin nan da kike so in cika? Likitancina ne. Tun da ta ƙi sayar da shi don ni, ba ni zan bayar da shi kyauta ba. Ku bar shi yadda ta bar shi."

Ya mayar mata da alƙalamin. An buga kundin a ƙarshen shekarar, layin yana fanko.

Marigayiyar ta bar jikoki biyar da 'ya'ya uku: Idalmis Almenares Bicet, malamar lissafi a Guanabacoa, Maritza Almenares Bicet, ma'aikaciyar gidan waya mai ritaya, da babbansu Ulises Almenares Bicet, mai tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a birnin Tampa na Amurka, wanda har ranar da aka kammala wannan tarihi bai ce ya yafe mata ba.