Ranar da cikina ya yi mana tafinta

A shekarun fari da yunwa na samu aikin ɗinkin buhu a wani ɗan kamfani a Zango. Mu kaɗan ne, duka mata, muna bankin buhunan dawar taimako da suka yage. Ina da goyo a lokacin, nonona kuma ya fara ƙafewa, don daga safe har la'asar ba abin da ke shiga bakina sai ƙurar buhu.

Wata rana mai kamfanin, wani Alhaji mai sauƙin kai, ya kawo lokotoro, wato likita, ya ji abin da muke bukata don lafiyarmu. Lokotoron baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Da yake na yi karatun manya, ina iya "bonjur" da "marsi" na Faransanci, sai aka ce ni ce bakin mata. Na gyara ɗaurin kallabi, ina jin kaina kamar wata madam mai aikin ofis.

Ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Ba ciwo? Ba gajiya?"

"Ba gajiya."

To me zan ce? Haka aka koya mini amsa gaisuwa tun ina yarinya. Ga kuma tsoron kada a ce marar lafiya ta koma gida ta huta.

Bayan kwana biyu, da yake lokotoro ya ce lafiyarmu lau, Alhaji ya raba mana sabulu, a garin da ruwan sha ma sai an bi layi tun asuba. Wata tsohuwa da muke ɗinki tare, muna ce mata Iya, ta juya nata a hannu ta ce, "Malama, da miya ake ci ko haka nan?"

Na sunkuyar da kai.

Da Alhaji ya zagayo ya ga ko mun ji daɗi, ni ya fara tambaya. Na buɗe baki zan sake cewa lau, sai cikina ya riga ni. Kuka ya yi mai tsawo, har da lanƙwasa a ƙarshe.

Iya ta ce, "Alhaji, ga tafintan gaskiya nan. Wancan na sama gaisuwa kawai ya karanta."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi yaron da ke bayana, ya dubi dawar da muke kakkaɓewa daga gindin buhuna, ya ce a riƙa tarawa ana dama mana kunu da azahar.

Nonona ya dawo a hankali. Sabulun kuwa na ajiye shi har aka yi ruwa, na wanke yaron da shi.