Kwalbar da Ba Kome a Ciki

A kasuwar manoma ta garinmu a Montana, wani dattijo yana sayar da zuma, gemunsa fari, hannayensa duk tabon harbin ƙudan zuma. Cikin kwalabensa akwai ɗaya da ba kome, ita yake miƙa wa duk mai takunkumin fuska.

"Zuba min ƙwayar bairos ɗin nan in gani. Mai da'awa ke kawo shaida, ba ni ba!"

Wata nas ta ajiye zumar da ta ɗauka.

"Mista Orval, ni na kara wa matarka waya a kunne a asibiti kuka yi bankwana kafin ta rasu."

"Ciwon huhu ne," in ji shi. "Ciwon huhu kawai."

Yana ta goge kwalbar da gefen rigarsa. Ina jin tsoronsa ɗaya ne: in ƙwayar ta tabbata, dole ya tambayi kansa wa ya kai ta gida.