An Ƙunshe Ƙosai da Waƙoƙin Baba

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara uku da rasa idona ba, an yi mana wani abu a Kafanchan da har yau in na tuna sai zuciyata ta hau tafasa. Yawancin masu bina a nan kun san ni makauniya ce, waya ke karanta mini saƙonninku. To duk wanda zai rubuto "ki yi haƙuri", ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni tela ce a da. Hawan jinin ido ya dinga cin idona a hankali, ina ta musu, har ranar da na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, na kuma tsaya ina ce mata sabon yayi ne. Daga nan na rufe keke. Na yi wata da watanni a ɗaki ina faɗa da kowa, har kajin gida ba su tsira ba. Wata ƙawata, wadda ita tun haihuwa ba ta gani, ita ta ja ni zuwa ƙungiyarmu ta makafi. Duk Laraba muke haɗuwa a wani ɗan sito a bayan ɗakin taron cocinmu. Ba mu kai ashirin ba. A nan ake koya wa sabon makaho riƙe sanda, da tsallaka layin dogo, da zuba ruwan zafi a kofi ba tare da ya dafa yatsansa ba.

Malaminmu wani tsoho ne mutumin wajen Madakiya, Baba muke ce masa. Ya yi makarantar makafi ta mishan tun yana yaro, shi ya koya mana rubutun makafi. Ga wanda bai sani ba, takarda ake sa wa a cikin wani ɗan allo mai ramuka, a dinga huda ta da tsinken ƙarfe, in an juya ta sai ɗigo-ɗigo su taso, a karanta da yatsa. Abin yana son takarda mai kauri, ita kuwa ba a samunta a garinmu. Sai Baba ya samo dabara. Duk Janairu zai bi shaguna da ofisoshi yana roƙon tsohuwar kalanda, ya yanka ta daidai-daidai, ya yi rubutu, ya ɗinke da zaren buhu.

Ba darasi kaɗai ya rubuta ba. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka, tsofaffin mata suna rera masa waƙoƙin yabo na yarenmu, irin waɗanda aka yi tun farkon shigowar bishara, waɗanda babu su a littafin waƙoƙi na Hausa. Su rera, shi ya huda. Yawancin matan nan sun riga mu gidan gaskiya. Kwali uku cur ya tara, kuma duk duniya babu wani wurin da waƙoƙin nan suke sai a cikinsu.

A daminar shekarar ciwon shanyewar jiki ya kama Baba. Hannun dama ya mutu, abubuwa kuma suka fara sulale masa a kai, yau ya gane muryarki, gobe ya kira ki da sunan ƙanwarsa. Muka dakatar da taron Laraba, muka koma zuwa gidansa bi da bi. Kwalayen muka bar su a siton coci, domin rufin ɗakinsa yana yoyo. Mu a wautarmu, ina ya kai gidan Allah tsaro?

Wata Talata da safe na fito zan je duba shi, na tsaya wajen wata mai ƙosai kusa da tsallaken layin dogo. Inyamura ce, mijinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a nan ta tsufa, kowa Mama yake ce mata. Ta miƙo mini ƙunshi da zafinsa. Ina riƙewa sai babban yatsana ya ji ɗigo. Na ce ko yaji ne ya manne. Na sake shafawa. Jama'a, rubutu ne. Layin farko na wata waƙa da Baba ya sa na haddace, kuma hannunsa ne, domin babu mai danna tsinke da ƙarfi irinsa.

Na zubar da ƙosan a ƙasa.

"Mama, ina kika samo takardar nan?"

Ta ce, "Wane takarda? Tsohon kalanda ne. Mai gadin coci ya ba ni, ya ce suna shara. Ba ni kaɗai ba fa, mai tsire ya ɗauka, mai gyaɗa ma ya ɗauka."

"Tun yaushe?"

"Ya kai sati uku."

Ba zan ɓoye muku ba, na wanke baiwar Allahn nan tas, alhali ba ta da laifin komai. Na ce mata mara imani, na ce mata abin da ba zan maimaita a nan ba. Da na gaji, sai ta ce, "Anti, me yana ciki?" Na kama yatsanta na ɗora a kan ɗigon, na karanta mata. 

Ta ce, "Yesu! Ni na ɗauka ƙwari ne ya ci takardan."

Nan take ta sauke kaskonta, ta kwaso duk abin da ya rage a ƙarƙashin teburinta ta zuba mini a zani.

Na hau okada sai coci. Tun daga ƙofar sito na ji warin sabuwar roba. Na miƙa sanda, ta bugi kujeru, an jera su har rufi. Ashe kwamitin coci ne suka sayo kujerun roba da rumfunan haya, suna neman wurin ajiya. Bencinmu biyu an jefar waje ruwa yana dukansu. Kwalaye kuwa babu ko ɗaya.

Na sami shugaban kwamitin a ofis, wani dattijo mai murya kamar ta mai karanta labarai. Ya ce in zauna, na ce ban zo zama ba.

Ya ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Ba mu yi aikin gaggawa ba. Ni da kaina na buɗe kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya. Kalandar banki, kalandar 'yan siyasa, ta jana'izar mutane, duk sun huje. Babu rubutu ko ɗaya a ciki."

Na ce, "Da me ka duba, Baba?"

"Da idona mana."

"Kayan makafi ka duba da ido? Duk Lahadi muna zaune a bencin baya, kana wucewa kana shafa mana kai kana cewa Allah ya ba mu haƙuri. Bakinka ciwo yake da ba za ka ce, ku zo ku taɓa kayan nan ba?"

Ya ce ai kwamiti zai zauna, za a saya mana sababbin littattafai, masu kyau ma, na Turai.

Na ce, "A wace kasuwa ake sayar da waƙar kakata?"

Daga nan bakina ya ɓalle. Na fara daga ramin da suka haƙa a bakin ƙofar coci ba su gaya wa kowa ba har ƙawata ta faɗa ciki. Na bi ta kan ranar da suka kawo baƙi suka jera mu muna tafi kamar 'yan nazare. Na yi magana mai tsawo, wallahi har ni kaina na ji daɗin yadda take fita. Sai na ji mai gadi daga bakin ƙofa yana cewa a hankali, "Anti, ya fita tun ɗazu fa." Ashe kujera nake yi wa wa'azi. Yanzu ina ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi. Amma a ranar, da na san inda motarsa take, da sandata ta yi aikin da ba a yi ta dominsa ba. Mutum ya sulale ya bar makaho yana magana, babu wulakancin da ya kai wannan ciwo.

Kwana huɗu muka yi muna bin gari, mu 'yan ƙungiya da sandunanmu, Mama mai ƙosai a gaba. Ta rufe sana'arta ta zama idonmu, ba wanda ya roƙe ta. Mai tsire ya ce nasa sun ƙare tun makon jiya. Mai gyaɗa ta ba mu ɗan abin da ya saura, duk ta riga ta naɗe su kamar mazurari. Muka shiga kwata, muka tona bola, Mama tana ɗagowa tana cewa, "Ga wani kalanda," mu muna shafawa. Wanda mai ya jiƙa, ɗigon ya kwanta. Wanda aka murɗe, ya mutu. Kwali na uku kuwa, mai gadi ya faɗa mana da bakinsa, da shi aka hura wutar ƙona shara.

Abin da muka tsira da shi bai cika ledar burodi ba. Shafi daga nan, shafi daga can. Waƙar da ta fito cikakkiya guda biyar ce.

Ranar Lahadi aka yi sanarwa cewa an sami "ɗan rashin fahimta" da 'yan'uwanmu marasa gani, kuma kwamiti ya kawo musu buhun shinkafa. Aka kira mu gaba, na ji mai hoto yana cewa mu matso, mu yi murmushi. Na harɗe hannu na ƙi taɓa buhun. Ƙawata ta rada mini cewa in bar hauka, akwai masu yara a cikinmu. Ta karɓa. Kuma don kada in yi muku ƙarya, da aka raba, na ci rabona, ina ci ina zagi.

Saura gaya wa Baba. Muka yi ta tura wa juna, har sati biyu. Ranar da na je, na same shi a kan tabarma a inuwar mangwaro, ranar kansa a sake yake. Ya ce, "'Yata, akwai wata waƙa da uwata take yi in tana tankaɗe. Tun jiya take mini yawo a kai, na kasa kama ta. Tana kwali na biyu. Ki ɗauko mini ranar Laraba." Ya ɗan yi gunjin muryarta, na gane ta. Shafinta na farko yana cikin ledar da ke jakata.

Na ciro na rera masa. Baiti na ɗaya, yana bina. Baiti na biyu, yana bina yana dariya. Na uku ya fara, layi biyu, takarda ta ƙare. Na tsaya. Na ji hannunsa na hagu yana lalube a cinyata, yana neman shafi na gaba. Sai na faɗa masa komai.

Bai yi ihu ba. Ni na so ya yi, da na sami abokin yi. Cewa ya yi in ba shi takardar. Ya shafa, ya kai hanci.

Ya ce, "Man gyaɗa."

Ya yi ta maimaita layi biyun nan ko na uku zai zo, har na tashi tafiya bai zo ba. Bai ƙara tambayar kwalayen ba.

Bayan kaka ya rasu. A wajen jana'iza aka ce ƙungiyar makafi za ta yi waƙa, kuma wa ke riƙe da tsarin taro in ba shugaban kwamiti ba. Ya yi jawabi mai daɗi a kan yadda coci ta riƙe Baba hannu biyu. Muka fito, aka ba ni makirfo. Waƙar uwarsa muka ɗauko. Tsofaffi suka fara amsawa, na ji wata tana kuka tana cewa rabonta da jin wannan tun tana budurwa. Muka kai layi na biyu a baiti na uku, muka tsaya cak. Mai ganga ya ɗan ci gaba shi kaɗai, shi ma ya tsaya. Ba wanda ya iya ƙarasawa a duk taron.

Shugaban kwamiti ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Ku ci gaba mana, lokaci yana tafiya."

Na ce a cikin makirfo, "Nan takardar ta ƙare, shugaba. Sauran kai ka san inda ka kai shi."

An yi ta maganata a gari, wai na ɓata jana'iza, wai ba ni da tarbiyya. Fasto ya kira ni ya yi mini nasiha a kan gafara. Na ce masa ina ƙoƙari, kuma har yau ƙoƙarin nake. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin nan ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta. Yana cikin masu kawo mana sanduna da shinkafa, kuma har zuciyarsa yana jin yana ƙaunarmu. Kawai bai taɓa kawowa a ransa cewa makaho zai iya mallakar abin da ya kai a tambaye shi kafin a zubar ba. Irinsu suna da yawa, wasunku ma kuna karanta wannan.

Yanzu muna da ɗakinmu, makulli yana wuyana, ni nake koyar da rubutun. Waƙar nan kuwa muna yin ta duk shekara. Matasan kwaya, mawaƙan coci, sun zo sun ce za su ƙirƙira mata ƙarshe mai daɗi, na ce ba da raina ba. A inda ta tsaya, nan muke tsayawa, coci ta yi tsit. Duk baƙon da ya tambaye ni me ya sa waƙarku ba ta da ƙarshe, sai in ce ya jawo kujera, in ba shi labarin tun daga farko, da sunan kowa.