Talatar Dogo Mai Aski

Shagon askin da ke ƙasan bene a kwanar layinmu kujera biyu ce a cikinsa, madubi biyu, sai benci guda da ya fi kujerun samun jama'a, don masu zuwa hira sun ninka masu zuwa aski. Kujerar dama ta Yaya ce, ta hagu ta Dogo. Yaya ba yayan kowa ba ne a cikinmu. Dogo ne ya fara kiransa haka tun yana saurayi, lokacin da Yaya ya ɗauke shi ya koya masa riƙon almakashi, sai sunan ya bi shi, har matarsa ma in ta aiko da abinci cewa take a miƙa wa Yaya. Dogo kuwa sunansa a jikinsa yake. In ya sunkuya a kan mutum sai ka rantse raƙumin dawa ne ya zo shan ruwa.

Na daɗe ina kai musu kaina, tun yana da abin askewa har ya koma fili, don haka abin da zan faɗa a kan Dogo daga benci na gan shi.

Mutum ne da bai taɓa zuwa ko'ina ba. Daga gida sai shago, daga shago sai gida, shekara talatin da ɗoriya, kuma shagon bai taɓa wuni a kulle ba. Duniya ita ke zuwa ta zauna masa a kujera ta ba shi labari, shi kuma ya ce, "Haka ne, ɗan karkato." Sai wani tsohon ma'aikacin gidan ruwa da muke kira In-na-huta ya rasu. Mun sa masa sunan ne don duk abin da aka ambata, ko teku ko jirgi, sai ya ce in ya huta zai je ya gani. Ya yi ritaya, wata bai zagayo ba ya tafi. Dogo ya dawo shago daga gaisuwa. Ya yagi murfin kwalin hoda, ya ari biro, ya yi rubutu, ya soke kwalin a gefen madubinsa inda kowa zai gani: koyon keke, takalmin taya, hawan dutsen bayan gari, lilon nan mai juya mutum kai a ƙasa, iyo, shiga kwale-kwale. Kafin yamma wani ɗan benci ya ƙara masa da fensir: sayen hankali. Yaya ya sa gilashi ya karanta, ya ce na ƙarshen ne kawai ya ga yana da amfani, a fara da shi.

Sai dai akwai wata magana a shagon da ba a soke ta a jikin madubi ba. Hannun Yaya na dama ya fara rawa, an kusa shekara biyu. In injin aski ne a hannunsa ba a ganewa, tunda injin ma karkarwa yake, sai su rufa wa juna asiri. Reza ce ba ta da kara. Don haka suka samo wata hanya ba tare da sun taɓa zama sun shirya ta ba. Da Yaya ya gama da inji ya shafa wa mutum kumfa, sai Dogo ya bar nasa ya tsallako, ya ce shayin Yaya zai huce, ko ana nemansa a waje, ko kuma shi ƙeyar nan ta burge shi a bar masa. Yaya ya zage shi, ya ce dogon banza mai ƙwacen aiki, ya miƙa masa rezar, ya fita bakin ƙofa ya tsaya kallon motoci. Mu kuma mu yi dariya kamar yau muka fara ganin wasan. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa.

To ga kwali a madubi, ga hannun Yaya. Duk ranar da Dogo ya fita, babu mai tsallakowa.

Ya zaɓi Talata don ita ce ranar da kasuwa ke barci. Tun Litinin yake fara shiri kamar mai barin jariri a gida. Ya bi masu gemu da waya ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce masa ya zo yau, wancan ya ce ya haƙura sai Laraba, gemu ba ya gudu. Amma ba ka iya yi wa duk garin waya. Sai ya ƙara da wata dabara da ya ɗauka ta hikima ce: Litinin da yamma, in Yaya ya shiga bayan labule wanke hannu, sai ya buɗe durowa ya kwashe fakitin reza ya zura a aljihu. In babu reza, babu gyaran fuska, in babu gyaran fuska babu jini. Haka ya lissafa.

Da keke ya fara. Ya ari na mai wanki, gwiwoyinsa na dukan kan keken, ya ƙare a cikin shingen furannin ƙofar wani banki, mai gadi na tambayarsa ko ajiya ya zo yi. Takalmin taya sau ɗaya ya gwada. Ƙafar dama ta kama hanya, ta hagu ta ce ita ba ta shirya ba, ya yi mako yana aski a karkace. A lilo kuwa, matar da aka zaunar kusa da shi ce ta riƙe masa hannu tana cewa, "Baba, rufe ido, an kusa." Duk wannan da fakitin reza a aljihunsa. Rezar shagon nan ta ga gari fiye da yawancinmu.

Kuma bai taɓa dawowa hannu biyu ba. Yau lemo, wani makon hula, wani makon man zafi, duk na Yaya. Matar Dogo ta ce ita ko ranar da ya ɓata mata rai ba ta taɓa ganin irin wannan tsaraba ba. In Laraba ta yi muka matsa masa ya ba da labari, sai ya ba da wurin faɗuwa da wurin kunya kawai, yana satar kallon Yaya ta madubi. In Yaya ya yi dariya sai ka ga kafaɗun Dogo sun sauko. Wurin daɗin kuwa tsallake shi yake.

Ni ya gaya wa labarin hawan dutse, yana goge mini ƙeya, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce da ya kai sama iska ta buge shi, ya ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe kamar tabarma, ya zauna ya miƙe ƙafa. Sai can ya lura cewa tun da ya fara hawa bai tuna da Yaya ba ko sau ɗaya. Ya ce a guje ya sauko, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Na ce masa ai mutum kan manta da matarsa ma na ɗan lokaci kuma ba a kama shi. Bai yi dariya ba.

Iyo ne ya ci Talatoci da yawa. A wurin wankan wani otal yake koyo, inda ruwan ɓangaren yara bai kai masa gwiwa ba, malamin kuma ya ce bai taɓa ganin mutum mai ƙafa da yawa haka ba. Duk waɗannan makonni Yaya yana buɗe durowa ranar Talata ya tarar da ita wayam, Laraba kuma ya tarar da fakiti ya dawo wurinsa. In baƙo ya nemi gyaran fuska sai ya ce reza ta ƙare. Makon farko ya faɗa da dariya. Daga baya dariyar ta ƙare, maganar ce kawai ta rage.

Wata Talata da hantsi, ina benci ni da Mai Kemis na maƙwabta, Yaya ya buɗe durowa, ya rufe, ya tsallaka titi zuwa kanti, ya dawo da sabon fakiti ya ajiye a gaban madubinsa. Ba a jima ba wani baƙo ya shigo da farar riga mai kwala, ya ce taro zai shiga, a gyara masa fuska da sauri. Mai Kemis ya fara cewa ai gemun bai kai ba, ni ma na ce gobe ta fi. Yaya ya juyo ya kalle mu, irin kallon da ake wa yaran da suka sa baki a maganar manya.

Ya ɗaura wa mutumin ƙyalle, ya shafa kumfa, ya sa sabuwar reza. Gefen dama ya fita tas, na rantse ko Dogo sai haka. A gefen hagu, ƙasan kunne, hannun ya yi nasa. Yankan ba mai zurfi ba ne, amma wurin yana da jini, kafin auduga ta iso kwalar ta ɓaci. Da baƙon ya yi faɗa da abin ya zo da sauƙi, sai mu taru mu ce ba shi da mutunci. Bai yi ba. Ya dubi hannun Yaya da ke riƙe da audugar, ya dube mu, ya ce a hankali, "Baba, hannunka rawa yake. Ba wanda ya gaya maka?"

Yaya ya ba shi haƙuri, ya manna masa filasta, ya raka shi bakin ƙofa. Ya dawo ya ninke ƙyallen, ya wanke buroshi, ya jera almakashi da mataji, ya ɗauki hularsa ya ce mu tsare shagon.

Dogo ya shigo da la'asar, ido jawur saboda ruwa, leda cike da tuffa a hannu, biro a ɗaya hannun. A ranar ya ƙetare ruwan daga wannan bango zuwa wancan, ya zo ne don ya soke layin iyo a kwalin. Ya ga kujerar dama babu kowa, ya ga sabon fakiti a buɗe, ya ga auduga mai jini a kwandon shara. Sai ya kai hannu ya dafe aljihunsa.

Yaya bai zo Laraba ba, bai zo Alhamis ba. Dogo ya je ƙofar gidansa har sau biyu ya juyo, na uku ya ce in raka shi. Muka same shi a baranda, kan kujerar roba, farin gashi ya tsiro masa a fuska. Ban taɓa ganin Yaya da gemun kwana ɗaya ba sai ranar. Dogo ya durƙusa, ko a durƙushe ya kusa kai shi tsawo, ya fara jero ban haƙuri. Yaya ya katse shi.

"Ka ƙetare ruwan?"

"Na ƙetare, Yaya."

"Ba ka taka ƙasa ba?"

"Ban taka ba."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce shi Talatar ba ta taɓa damunsa ba, daɗi ma yake ji a ce wani daga shagon ya ga wani abu ban da ƙeyar mutane. Sannan ya ce, "Da kake karɓar reza a hannuna, a gabana kake karɓa. In zage ka, in ba ka. Ni nake bayarwa. Amma ka jira na shiga bayan labule ka kwashe, kamar yadda ake ɓoye wa yaro ashana."

Dogo ya ce tsoro ya ji.

"Ni ma tsoron nake ji, dogon banza. Da ka ce mini mu kulle shago ranar Talata, da na yi fushin kwana biyu na yarda."

Na ga fuskar Dogo a lokacin. Ya yi wa rabin gari waya, ya yi yawo da reza har cikin lilo, ya sayi lemon da zai cika buhu, amma kulle shago bai taɓa faɗo masa a rai ba, don tun da Yaya ya ɗauke shi bai taɓa ganin ƙofar a rufe da rana ba. Ya roƙi Yaya ya dawo, ya riƙe inji kawai, komai ya koma yadda yake. Yaya ya ce ba zai koma ba. Wasan yana tafiya ne lokacin da ba wanda ya faɗa, yanzu kuwa an faɗa a gaban mutane, shi kuma ya tsufa da yin kamar bai ji ba. Da muka miƙe sai ya shafa haɓarsa, ya ce matarsa ta fara kiransa bunsuru, Dogo ya zo ranar Talata da kayan aiki.

Haka aka koma. Yanzu shagon a kulle yake duk Talata. Dogo kan je da safe ya gyara wa Yaya fuska a baranda, Yaya na riƙe da ƙaramin madubi yana cewa sajen hagu ya fi na dama, shekara talatin ana koya wa mutum abu ɗaya. In an gama sai ya kore shi, ya ce saura kwale-kwale, ya tashi ya ba mutane wuri. Dogo ya ce mako mai zuwa. Haka ya yi ta cewa har damina ta wuce. Kujerar dama tana nan, bai ɗauki kowa ba, bai kuma fitar da ita ba. In shago ya cika wani ya nufe ta sai ya ce ta lalace.

A ƙarshe dai Yaya ya rantse ba zai sake ba da fuskarsa ba sai an shiga ruwan nan, Dogo ya je. Laraba muka tare shi. Ya ce ba komai a ciki, ruwan datti, kwale-kwalen na yoyo, mai tuƙin kuma surutu. 'Yan benci suka ce dama sun faɗa. Sai da suka watse ya rage ni kaɗai a kujera, ya ɗaura mini ƙyalle, ya tsaya da inji a hannu bai kunna ba. Ya ce duk cikin abin da ya rubuta babu wanda ya kai shi daɗi, har roƙon mai tuƙin ya yi ya ƙara zagaye ɗaya.

Na tambaye shi ko ya gaya wa Yaya haka.

"Na ce masa ruwan datti ne," in ji shi. Ya kunna injin.