Sunan Marigayi a Cikin Tsohuwar Saba

Mun tashi daga Sakkwato ana idar da sallar asuba, ni da direba da wani abokin aikina wanda tun kafin mu fita gari ya fara gyangyaɗi. Ƙungiyar manoman albasa ce ta nemi ofishinmu ya duba mata sabarta da ke Bodinga, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rajistar manoma. Takardar da aka ba ni layi uku ce, kuma na karanta ta fiye da sau goma: a goge duk akawun ɗin, wato sunan shiga sabar, da mai shi ya bar aiki.

Hanya ba laifi, sai dai ramukan da direba ya sani kamar 'yan uwansa. A tashar Bodinga muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance tun zuwana na bara, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba.

Sabar tana wani ɗaki mai warin albasa, an ɗora ta kan bulo biyu saboda ruwan damina. Manhajar da ke cikinta ta girmi shigata jami'a, masu ita ma sun daina kula da ita. Na tarar da sunaye tara da ba kowa a bayansu. Takwas ban yi shakkarsu ba. Na taran sunan ma'aikacin da ya haɗa na'urar ne, wanda ya rasu shekarun baya. Na duba ranar da aka yi shigar ƙarshe da shi, na ga tun yana raye.

Sakataren ƙungiyar, dattijo mai farar ƙasumba, yana tsaye a bayana. Ya ce, "Ɗana, wanga dai bar shi. Marigayi ya ce ko mi za a yi, kar a taɓa sunanai."

Na ɗauka kara ce irin tamu, ta rashin son share sunan mamaci. Na ce masa, Baba, sunan da ba mai shi ƙofa ce a buɗe ga ɓarawo. Duk da haka sai na kira shugabana. Ya ce takarda ta ce a goge, ba ta ce a yi shawara ba. Na yi bisimilla na goge. Dattijon ya raka mu har mota.

Muka kama hanyar Shagari wajen azahar don mu leƙa reshen ƙungiyar, gero ya fara kai a gonaki, shanu suna tsallaka titi ba gaggawa. Abokina ya farka ya sayi fura, ya ce aikin yau ya yi sauƙi. Na ce wataƙila.

A ƙaramin ofishin ƙungiyar na Shagari muka tarar da babura jere a gindin darbejiya. Mutanen Kajiji ne, sun zo karɓar irin albasa, kuma ba a ba mutum sai sunansa ya fito a jerin da Bodinga ke aikowa. Magatakardan ya ce tun hantsi jerin ya daina zuwa. Na tambaye shi ƙarfe nawa. Da ya faɗa sai na nemi wuri na zauna, don daidai lokacin da na goge sunan ne.

Ashe marigayin bai buɗe wa aikin aika jerin wani akawun na daban ba. Da sunansa ya ɗaura shi, shi ya sa ba a ga shigar mutum ba, na'ura ce ke amfani da shi kullum. Muka koma Bodinga a guje. Na sake buɗe akawun da sunan nan harafi bisa harafi, amma sabar ba da suna take gane mutum ba, da wata ɓoyayyiyar lamba ce, kuma lambar ta tafi. Makullin rajistar ma da ita aka ɗaure shi. Faifan ajiyar kwafin rajistar da na tarar a aljihun tebur ya ƙi buɗuwa. Ina jin akwai wanda zai iya gyarawa, ban dai san shi ba.

Da la'asar magatakardan ya bugo ya ce mutane sun watse. Wai wani tsoho ya tambaye shi ko a dawo gobe, don lokacin zuba iri ba ya jira.

Da za mu tafi na durƙusa na ba sakataren haƙuri. Ya ce, "Ba komi. Shi dai ya hwaɗa muna, mu kuma mun hwaɗa maka."

Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba. Abin da tafiyar ta koya mini, in har na koyi wani abu, shi ne a kulle suna a jira kwana biyu kafin a goge shi, kuma in dattijo ya ce bari, a tambaye shi dalili. Na rubuta haka a rahotona. Shugabana ya sa hannu, ya ce an bi takarda. Jiya na ji an fara rubuta sunayen manoman a littafi, ƙauye bayan ƙauye, ba a kai Kajiji ba tukuna.