Rigar Madubi Zuwa Dogo-Dogo

Magariya

Shekarar da aka fita daga babban fari, wani mutum dogo, Malam Sani, ya yi sallama ina kan keken ɗinki. Ya miƙo yadin Indiya ja mai furanni, an dasa masa ƙananan madubai. "Ki ɗinka wa iyalina Hadiza, ki kai mata Dogo-Dogo da kanki, ki koya mata yafawa." Ko ruwa bai sha ba. Da asubar Talata na hau motar gyaɗa, ƙunshin rigar da na ɗinka a cinyata.

Dungas

A shinge jandarma ya kwance ƙunshin, ya ga fuskarsa kashi-kashi, ya ɗaure da sauri. "Wuce, madam." Na sha fura a tasha, na samu amalanke. Da na faɗi gidan da zan je, mai amalanken ya dube ni, ya sake dubana, sannan ya kama hanya.

Dogo-Dogo

Da la'asar na shiga gidan. Tsit, ko kaza ba ta motsi. Hadiza na zaune kan tabarma, ba kitso, ba kwalli. Ni sarkin rawar kai na baza riga, haske ya watsu a bango, ina bayanin yadda ake tattara zanen a ƙugu a jefa gefen a kafaɗa.

Surukarta, tsohuwa da ke zaune a gefe, ta miƙe. "Baiwar Allah, takaba take! Wa ya aiko ki?"

"Malam Sani, makon jiya."

"Jiya muka yi sadakar arba'in ɗinsa."

Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi. Tsohuwa ta ce a ƙona rigar, mai takaba ba ta ado, ba ta duba madubi. Hadiza ta rungume ta tana kuka. Ashe Malam Sani ya yi mata alkawarinta kafin ya kwanta ciwo.

Na ce, "Inna, in babu madubin fa?" Na yayyanka gefen mayafina, na bi madubai ɗaya bayan ɗaya ina rufewa da allura. Ɗinkin ɗauri ne, ranar fita takaba sai ta ja zare. Tsohuwa ta yarda a sa a akwati.

Komawa

Da safe Hadiza ta rako ni zaure, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, da ya zo, ya yi ƙiba? A rame ya tafi."

Na ce mata fes yake, kuma gaskiya na faɗa.

Na isa gida da magariba, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya.