Garwashin da Kaka Saratu Ta Ƙi Kashewa

Gidan hayar da na tashi a Nima ɗaki goma sha ɗaya ne, kuma namu kaɗai ne na Kirista. Kakata Saratu ce ta riƙe ni. Daga ƙasar Zazzau ta biyo mijinta soja tun ba a haifi uwata ba, ya mutu ya bar ta, ita kuwa ta ce ba inda za ta koma. Wake da shinkafa take dafawa, abin da duk Accra ke kira waakye, ta kai mahaɗar Kawukudi ta sayar. Bayan magariba mukan kewaye murhunta, ni da 'ya'yan maƙwabta, muna tsince mata tsakuwa daga wake, ita kuma ta biya mu da tatsuniya.

Kaka ba ta da agogo, ba ta kuma iya karatu ba. Amma bayan bangonmu akwai ɗan masallaci, da ladaninsa Baba Sidi, kuma shi ta mayar agogonta. Da zarar ya ɗaga murya sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta durƙusa inda take, ta yi addu'a cikin sunan Yesu. Sau biyar a rana, ko a gaban murhu ko a gefen teburinta, direbobi na tsaye da kwanoni suna jira. Tsakanin kira da kira ma bakinta ba ya hutawa. Idan ta jefa karan dafi a tukunya ta ambaci marasa lafiya, idan tana fifita wuta ta roƙa wa uwata da ke Kumasi. Kowane aiki da nasa mutumin.

Wata Asabar da yamma, ina da shekara tara, Baba Ayuba ya zo, babban dattijon ikkilisiyarmu, wadda ke taruwa a wani ajin makaranta a Maamobi. Ya ce dattawa sun zauna a kanta. Ana cewa ƙafarta ɗaya a coci, ɗaya a masallaci. In ba ta daina durƙusawa ga kiran ladan ba, ba za a ƙara ba ta Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci. Na san abin da Jibin nan yake a wurinta. Tun daren Asabar take goge farin zanenta da dutsen guga na gawayi saboda shi.

Kaka ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce, "Ayuba, zakara ma yana tashe ni da asuba. Shi a wane masallaci yake salla?"

Kafin ya sami amsa Baba Sidi ya kira la'asar. Ta ce masa ya yi haƙuri, ta durƙusa a gabansa. Ya ɗauki hularsa ya fita ko sallama babu. Ni kuwa haushinta na ji, ba nasa ba. Na ce a raina me zai rage ta da shi in ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Da muka taru da maraice fuskata a murtuke. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Ga wata nan tafe gare ku." Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai a wani gari mai garin ya kafa doka cewa wuta ɗaya ce za a riƙa hurawa, a ƙofar gidansa, ranar kasuwa kaɗai. Kowa ya zo ya ɗiba ya yi girki, kafin dare ya kashe, sai wata kasuwar. Wutar kuwa ƙatuwa ce, daga nesa ake hango ta, har ana zuwa kallo. Sai wata tsohuwa ta ƙi kashe tata. Takan binne garwashi ɗaya cikin toka, idan zakara ya yi cara ta hura shi, idan jaki ya yi kuka ta hura, idan maƙwabciya ta fara daka ta hura. Aka kai ƙararta, aka hana ta taka ƙofar mai gari. Ko a jikinta, an tsikari kakkausa. Da damina ta yi tsakiya aka kwana bakwai ana ruwa, itacen mai gari ya jiƙe sharkaf, ranar kasuwa ta zo ba wuta. Yara na kuka, tsaba na nan ba abin dafa ta. Can aka ga ɗan siririn hayaƙi yana fita daga bukkar tsohuwa. Gari duka ya yi layi da fasassun kasake, mai gari a ƙarshen layi, yana kallon ƙasa.

Wata yarinya ta tambaya ko tsohuwar ta kore shi. Kaka ta ce ai kaskonsa ta fi cikawa. Sai ta ja toka da itace ta rufe garwashinta, ta dube ni ta ce, "Rifkatu, babbar wutar Lahadi tana da kyau, ina son ta. Amma ba ta kai mutum Laraba. Ƙurunƙus, wanda bai gane ba ya tambayi toka."

Washegari ta ɗaura farin zanenta, ta zauna a bencin gaba. Farantin Jibin ya zo ya wuce ta. Na ga hannunta ya ɗan ɗaga don sabo, ta mayar da shi cinyarta. Na yi kuka har muka iso gida, ita ba ta yi ba, sai dai ranar ba ta ci abinci ba. Da ta zo zuba gishiri a tukunyar maraice na ji ta ambaci Ayuba da iyalinsa. Daga ranar gishiri ya zama nasa.

A tatsuniya an yi layi a ƙofar tsohuwa. A Nima ba wanda ya yi. Shekara biyu farantin yana wuce ta, tana zuwa kowace Lahadi, tana zama a gaba, tana kuma durƙusawa sau biyar a rana. A haka ta rasu, ba a janye maganar ba. Har yau idan na tuna wannan zuciyata tafasa take yi, kuma ba na ɓoyewa.

Ranar zaman makoki tsakar gida ta cika, 'yan coci a gefe guda, maƙwabta a gefe guda. Baba Sidi ya shigo da sandarsa ya zauna kusa da Baba Ayuba, bai ma san ko wane ne ba. Ya yi gaisuwa da Hausarsa ta Zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Shekara ashirin ina kira," in ji shi. "Wata asuba ruwa, masallaci ba kowa koraa, ko mutum ɗaya, sai in ce wa nake kira? Amma na sani bayan bango mutum ɗaya ya tashi yana magana da Allah. Addininmu ba ɗaya ba, amma Mma Saratu bai taɓa latti ba."

Baba Ayuba ya sunkuyar da kai.

Na daɗe kafin in gane cewa ba taurin kai ne kawai ya hana ta rufe ƙofa ba. Ta san kanta. Ta san mace mai tukunya da jika da ciwon baya, in ba wani abu ya taɓa ta ba, rana za ta faɗi ba ta tuna da Ubangijinta ba. Don haka duk abin da ya yi motsi a unguwa ta mayar da shi mai tuni, ba ta kuma tambayi kowa izini ba.

Yanzu ɗinki nake yi a Kotobabi, furfura ta cika mini kai. Idan na sa zare a allura ina ambaton 'ya'yana. Idan na zuba gishiri, jikokin Baba Ayuba nake roƙa wa, wata rana da daɗin rai, wata rana ina cije baki. Kwanaki wata matashiya daga cocinmu ta kawo ɗinki, ta rage murya ta ce an fara magana a kaina, wai ina tsayar da keke duk lokacin da masallaci ya yi kira. Ta tambaye ni ko ba na tsoron abin da dattawa za su yanke. Na buɗe baki zan ba ta labarin kakata, sai ladan ya ɗaga murya.

Na ɗauke ƙafa daga keken, na ce mata ta jira.